Ranar da Dattawa Suka Je Yi Mini Roƙo

Na gode wa Allah da ya ja kwanana har na iso wannan babi, domin shi ne na fi daɗewa ina kewaye shi ban shiga ba. Saratu da Iliya, kun tashi kuna jin labari iri-iri a kan yadda na rabu da aikina na babban siton nan da ke hanyar McLeansville. A coci an ce wani mugun sufabaiza ne ya ga bayana. Ke Saratu kin daɗe da yanke hukunci cewa tsoro ne ya hana ubanki neman haƙƙinsa. Kai kuma Iliya, ko ba ka faɗa ba, na san mahaifiyarku kake ɗora wa laifin. Babu wanda ya kama gaskiyar da hannu biyu a cikinku. To ku gyara zama, tsohon malamin makaranta zai yi darasi, kuma yau ba a ɗaga hannu sai na gama.

A gida labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, ina zana wa yara koguna a allo. Da na zo Greensboro a nan Amurka sai na ajiye alli na hau foklif, injin nan mai yatsun ƙarfe biyu da ake ɗaga kaya da shi a jera a saman kanta mai hawa-hawa. Da farko na ji kunyar aikin, in an tambaye ni daga gida sai in ce ina harkar sufuri. Daga baya na so shi, so na gaske. Na ƙware har sababbin ma'aikata ni ake haɗa su da ni in koya musu. Aikin nan shi ya riƙe gidanmu, shi ya ba mu inshorar da mahaifiyarku Rifkatu ke karɓar maganin sukarinta da ita, shi ya sa in na shiga cikin maza nake ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ɗauka a kan wannan injin zan tsufa, a yi mini 'yar walima a sallame ni.

Sai aka kawo mana sabon sufabaiza, saurayin da a haife na haife shi. Yana yawo da ɗan allon kwamfuta a hannu, duk kayan da ka ɗaga sai na'ura ta rubuta tsawon lokacin da ka ɗauka, har shiga bayi ana lissafawa. Mu muka sa masa Sarkin Agogo. Kowace safiya kafin a kama aiki sai ya tara mu ya karanto sunayen waɗanda suka yi nawa jiya, ni da na saba tsayawa gaban aji ina karanta sakamakon wasu. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Bai taɓa zagina ba, kuma shi ma na sama da shi ne ke hura masa wuta. Amma mutum da furfurarsa ya tsaya cikin yara ana kiran sunansa a jerin malalata, abin yana cin rai.

Da farko na ce gajiya ce. Sai barci ya ƙaurace mini. Sai abinci ya bi bayansa: mahaifiyarku ta tuƙa tuwo da miyar kuka wadda ta ji daddawa, in kai loma baki in ji kamar takarda nake taunawa. Na daina zuwa koyon waƙa, ni da muryata ce ke riƙe ɓangaren maza a mawaƙan coci. Akwai Lahadin da na kai ku har ƙofar coci, kuka shiga, ni kuwa na kasa buɗe ƙofar mota, ina nan riƙe da sitiyari har aka tashi sujada. Babu inda ke mini ciwo, babu kuma abin da ke mini daɗi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da na ɗauki hutuna na shekara. Na ce to madalla, zan huta da ganin Sarkin Agogo, in dawo daidai. Hutun ya zo ya wuce ina kwance ina kallon silin, abin ko motsi bai yi ba. A nan na gane ba a wurin aiki nake baro shi ba, tare muke dawowa gida.

Ke Saratu kina jami'a a lokacin, ke kika tasa ni gaba zuwa wurin likita, kina tuƙi kina yi mini faɗa da Turanci tun daga gida har asibiti. Likitan ya yi mini tambayoyi masu yawa, ya ce ciwon damuwa ne, kuma ya yi nisa. Ya rubuta magani, ya ce ba ya so in ci gaba da hawa injin ɗaga kaya da kan da ba ya samun barci. Muka dawo muka tarar da mahaifiyarku tana yanka alayyafo. Ta saurare mu har ƙarshe, ta ajiye wuƙa, ta je ta rufe tagar kicin, sai ka ce maƙwabtanmu suna jin Hausa.

"Baban Saratu, hawan jini ne. Ka ji ko? Duk wanda ya tambaya, hawan jini ne."

"Mama, likita ya ce depression ne," in ji Saratu. "Ba abin kunya ba ne, ko a ajinmu akwai masu shan maganinsa."

"Rufe mini baki. 'Yan ajinku suna da dangin miji da za su aika ƙauye a binciko asalinsu? Ke ba ki yi aure ba, ƙanenki bai yi ba. Ranar da aka ce ubanku ya taɓu, wa zai ƙwanƙwasa ƙofar nan?"

Kada ku yi mata dariya. A garinmu kafin a ba da 'ya ko a karɓo, sai an bi bayan gidan an tambaya ko akwai sata, ko kuturta, ko hauka a zuriyar, kuma a wurinmu duk abin da ya shafi ƙwaƙwalwa suna ɗaya gare shi. Ku take karewa, da abin da ta sani. Ni ma a lokacin ban ga laifin maganarta ba.

Duk da haka na yi wani abu ban gaya wa kowa ba. Na tattara ɗan ƙarfin halin da ya rage mini na shiga ofishin kula da ma'aikata, wurin wata mata mai gilashi da kowa ke addu'ar kada a kira shi gabanta. Na yi ta kame-kame, ƙarshe dai na ce mata ina ganin likita, ba na barci, hankalina ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko za a sauke ni daga injin na ɗan lokaci a mai da ni sashen duba kaya, inda ake aiki da hannu a ƙasa. Na gama na jira ta kira masu gadi. Sai ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna, ta ce ta gode da na gaya mata. Ta ce in karɓo takarda daga likitan, ta sa mana zama a mako mai zuwa tare da manajan wurin, a duba abin da za a iya yi mini. Na fito baki buɗe. A gida na kasa faɗin cewa na kai maganar waje, sai kawai na ce wa mahaifiyarku ofis sun kira ni zama. Ita kuwa a saninta ba a kiran talaka ofis don a ba shi lambar yabo. Ta ɗauka kora ce ta zo, kuma sun gano ciwon ne za su fake da shi. Ba da sanina ba ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan Baba Ishaya.

Ku kun san Baba Ishaya, amma saboda jikokina zan faɗa. Shi ne dattijon cocinmu, ɗan garinmu, sa'an mahaifina. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan da akwati ɗaya da rigar sanyin da ba ta tare komai. A falonsa na East Greensboro na yi ta kwana har na kama ɗaki. Shi ya tsaya a matsayin uba ranar sunan Iliya. A wurinsa babu rigimar da ta fi ƙarfin a tashi manya su je su ba da haƙuri. Abokin tafiyarsa a irin wannan hidima kuwa shi ne Alhaji Sabo, Bakanon nan mai shagon kayan abincin gida, wanda in aka ce sulhu sai ya rufe shago ko da masu saye sun yi layi. Mahaifiyarku ba ta gaya wa Baba maganar likita ba. Ta dai ce masa sufabaiza ya sa ni gaba, har ana neman laƙa mini ciwon ƙwaƙwalwa don a kore ni.

Kafin ranar zaman ta zo, wata hantsi ina kan injin a bakin ƙofar da manyan motoci ke lodi, sai na hango manyan riguna biyu suna ratsa filin ajiye motoci, ɗaya fara, ɗaya shuɗiya. A wurinmu in ka ga dattawa sun ci ado sun biyo ka har wurin aiki ba sanarwa, abu ɗaya suka kawo. Na ce shi ke nan, tsohuwata ta rasu a gida. Ban san yadda na sauko ba. Na bar injin a kunne, na tare su.

"Baba, Inna ce? Ku gaya mini kawai."

"Kai Ɗanladi, wace Inna? Tana nan garau. Koma bakin aikinka, ba wurinka muka zo ba. Manyanka muka zo gani."

"Manyana? A kan me, Baba?"

"Malam Ɗanladi, kai dai bar wa manya," in ji Alhaji Sabo, yana gyara riƙon wani kwalin dabino da ya ɗauko daga shago. "Bature ma mutum ne. In ya ga furfura ta tako har ƙofarsa, dole ya ji nauyi."

"Don Allah Baba, ku koma. Nan ba haka ake yi ba."

"Yau kai za ka koya mini yadda ake yi a Amurka? Wa ya ɗauko ka daga filin jirgi?"

Na yi mutuwar tsaye ina kallo suka shige ofis. Abokan aikina suka bar abin da suke yi suna leƙe, wani yana tambayata ko sarakunan ƙasarmu ne suka kawo ziyara. Lokacin cin abinci na same su jikin motar Alhaji, fuska sai annuri. Alhaji ne ya ba ni labari, yana yi yana tafa hannu.

"Matar nan ta so ta zille, wai doka ta hana ta tattauna maganar ma'aikaci da mutanen waje. Baba ya ce mata ba tattaunawa muka zo yi ba, roƙo muka zo, ta zauna ta ji kawai. Dabinon ma ta ƙi karɓa, wai an hana su. To sai Baba ya miƙe tsaye ya dafa ƙirji. Ya ce ya san ubanka, ya san kakanka, kaf gidanku babu mai taɓin hankali. Ya ce duk wanda ya ce kanka ba daidai yake ba maƙaryaci ne, Allah ne shaidarsa. Ya ce jininka ne kawai bai haɗu da na yaron nan sufabaiza ba, a yi haƙuri a daidaita ku. Wallahi Malam, Turancin da Baba ya zuba yau ko a majalisa sai haka. Matar sai rubutu take yi, ko ɗaga kai ba ta yi."

Duk da haka na durƙusa a kan kwalta na yi musu godiya. Tsofaffi biyu sun bar harkokinsu sun zo sun zubar da girma dominka, ba ka da abin cewa sai na gode.

Ranar zaman na je da takardar likita a aljihun rigata. Matar tana nan, manajan yana gefe. Ta cire gilashin ta goge ta mayar, ta dube ni.

"Ɗanladi, kai ka gaya mini abu ɗaya, mutanenka sun zo sun gaya mini wani. Ni maganarka zan bi, ba tasu ba. Rashin lafiya ce, ko kuwa tsakaninka da sufabaiza ne?"

Ku da kuka tashi a nan za ku ce ai tambayar mai sauƙi ce. Ni abin da kunnena ya ji shi ne ana so in buɗe baki a gaban baƙi in ƙaryata dattijon da ya rantse da Allah domina. Ban san doka ba, ban san akwai abin da ke rataye da amsar ba. A ganina ma tarko ne, da na ce ciwo an sami dalilin kora. Hannuna yana kan aljihun, ban zaro takardar ba. Na ce abin da dattawa suka faɗa haka yake, gajiya ce kawai ta sa na yi waccan maganar. Ta sake tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Sai aka kira Sarkin Agogo, aka sa muka yi musafaha, aka ce kowa ya yi haƙuri da kowa, aka mai da ni kan injina. Ranar Lahadi har godiya ta musamman aka yi a coci.

Ba a je ko'ina ba abin da likita ya ji tsoro ya faru. Ina ɗauke da kaya a sama sai kaina ya ɗauke. Ban suma ba, idona biyu, amma na manta abin da hannuna ke yi. Na daki ƙafar kanta, kwalaye suka zubo daga sama, saura ƙiris su danne wata mata da ke duba kaya a ƙasa. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. A ranar aka karɓe katin shigata. Mai gadin da muke gaisawa kullum shi ya raka ni har mota yana kallon ƙasa. Da na isa gida ban da sauran ƙarfin ɓoye komai, na zauna na gaya muku duk abin da ya faru, tun daga shigata ofishin matar nan har zuwa amsar da na ba ta.

Saratu ba ta bar ni na huce ba, ta sake tasa ni gaba, wannan karon zuwa wurin wani lauya, dattijo baƙar fata mai ƙaramin ofis a cikin gari. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ce dokar ƙasar nan da ke kare naƙasassu a wurin aiki tana iya shafata.

"Naƙasassu? Ni?" Na shimfiɗa masa hannuwana a kan tebur. "Ga hannu, ga ƙafa, ga ido. Ina naƙasar?"

"Doka ba gaɓoɓi kaɗai take dubawa ba," in ji shi. "Bari in raba maka abin gida biyu. In shugaba ne ke takura wa mutum, ransa yana ɓaci, amma da ya fita ƙofar kamfani ya sami sauƙi, ya ci, ya yi barci, doka ba ta kiran wannan naƙasa. Wahalar aiki ce, kowa na shan ta. Amma in likita ya tabbatar ciwo ne, ya hana ka barci, ya hana ka ci, ya hana hankalinka tsayawa, ko shugaban yana nan ko ba ya nan, to doka tana iya lissafa shi yadda take lissafa ciwon ƙafa. Da ka yi hutu, ka ji sauƙi?"

"Ko kaɗan."

"To ka gani. Kuma da zarar ka sanar da su, wajibi ne su zauna da kai a nemi sauƙin da zai sa ka ci gaba da aiki, ko canjin sashe, ko hutun jinya, muddin abin bai fi ƙarfinsu ba. Abin da ka shiga ofishin matar nan ka roƙa ba alfarma ba ce. Zaman da ta sa maka, na duba yadda za a ba ka shi ne."

Ban san lokacin da na jingina da kujera ba. Har yau da nake wannan rubutun mamaki bai sake ni ba. Ashe abin da muka rufe wa taga shi ne zai tsaya mini. Ashe ciwon da muke gudun a ji shi ne kaɗai doka ta sani, shi kuwa rashin jituwa da sufabaiza, wanda Baba ya dafa ƙirji ya rantse a kai, shi ne daidai abin da doka ta ce ba ruwanta da shi. Da lauyan kamfanin aka ɗauko aka ce ya tsara maganar da za ta wanke su, ba zai tsara wadda ta fi ta Baba kyau ba. Garin neman gira mun rasa ido, kuma har godiya muka yi a coci.

Lauyan bai yaudare ni ba. Ya ce kamfanin za su ce sun tambaye ni, na janye da bakina. Amma akwai sauran hanya, ko da yake bai yi alkawarin nasara ba. In aka kai ƙorafi hukumar da ke duba irin wannan kafin wa'adinta ya cika, aka nuna cewa nauyin dattawa ne ya sa na janye, ana iya tilasta musu su zauna, har aikin ya iya dawowa. Sai dai yana buƙatar Baba Ishaya ya zo ya yi rantsuwa ya ce bai san da maganar likita ba lokacin da ya yi magana, ya kuma bayyana cewa a al'adarmu ƙarami ba ya ƙaryata babba a gaban mutane.

Da muka kawo wannan labarin gida, mahaifiyarku ta zauna a ƙasan kicin ta ɗora hannu a ka.

"Ni na kashe maka aiki, Baban Saratu. Da ƙafata na je."

"Ba ke ba ce. Ke kin aika a cece ni ne. Ni aka tambaya, ni na amsa."

Ta yi kuka mai isarta, ta share ido da bakin zane, sannan ta faɗi abin da ban taɓa zaton zan ji daga bakinta ba.

"Je ka gaya wa Baba gaskiya. In za a ji a coci, a ji."

"Duk wanda zai fasa aurena don ubana yana shan magani, ya fasa tun yau," in ji Saratu. "Ya rage mini aiki."

Iliya, ka karanta wannan wurin sau biyu. Matar da ta rufe taga ita ce ta fara cewa a buɗe. Ke kuma Saratu, ki lura cewa ranar da na fita zuwa gidan Baba, ba sauran tsoron abin da mutane za su ce a raina. Gidana ya ba ni izini, kuma aikina nake so ya dawo, ina son sa fiye da yadda kuka sani.

Ranar Lahadi ce bayan an tashi sujada. Saratu ta kai ni, ta ce za ta jira a mota don kada ta shiga ta yi wa tsoho rashin kunya. Na tarar da falon cike da wasu ɗalibai sababbin zuwa daga gida, Baba a tsakiya yana ba su labari. Labarina yake ba su. Yana nuna musu yadda ya miƙe, yadda ya dafa ƙirji, yadda baturiya ta kasa ɗaga kai. Da ya gan ni ya ce ga ma mutumin nan, ku gaishe shi, malami ne tun daga gida. Na zauna aka zuba mini shinkafa na yi ta juya cokali har baƙin suka watse. Sai ya ce in matso, ya kama hannuna.

"Ɗana, na daɗe a ƙasar nan. Na yi gadi, na yi goge-goge a asibiti, ban tara komai ba. Wani lokaci ina tambayar Ubangiji me ya kawo ni. Ranar da na tsaya gaban mutanen nan na sami amsa. Aiki kam sun ƙwace, muguntarsu ce, Allah zai ba ka wani. Amma ba su kore ka da sunan mahaukaci ba. Na sa sunan Allah a bakina dominka, ko ɗar ban ji ba, don na san ɗan wa na tsaya wa." Ya matse hannun. "To me ke tafe da kai? Na ga bakinka da magana."

Maganar tana bakina, tun a mota na tsara ta. Na dubi hannunsa na tsufa a kan nawa. In na faɗa, abu biyu zan miƙa masa lokaci guda: cewa ya kira Allah shaida a kan abin da ba haka yake ba, da kuma cewa shi ne ya je da ƙafarsa ya tare taimakon da ke tafe gare ni. Sannan in ɗauke shi in kai gaban lauyoyi ya maimaita da bakinsa, a kan ƙarar da ba a ma tabbata za a ci ba. Na ɗora aikin a hannu ɗaya, na ɗora tsohon a ɗaya. Ba wanda ya tilasta ni, kuma wannan karon na san doka, na san abin da nake ajiyewa.

"Gaisuwa ce kawai, Baba."

"Madalla. To mu yi addu'a."

Ya rufe ido ya gode wa Ubangiji da ya rufa mana asiri, ya kunyata masu neman ɓata sunan bawansa. Na ce amin. Na fito na buɗe mota na zauna.

"Ya yarda zai je?" in ji Saratu.

"Ban tambaye shi ba."

Kin dube ni, Saratu, kika tayar da mota. Bayanin da ban yi miki ba a ranar shi ne wannan. Wa'adin hukumar ya zo ya wuce. Na ci gaba da shan maganina, na warware a hankali, na sami wasu ƙananan ayyuka na riƙe ku da su, amma ban sake hawa foklif ba. Baba Ishaya ya yi shekaru bayan haka, kuma duk taron da muka haɗu sai ya ba da labarin nan, ni ina gefe ina gyaɗa kai. Har ya koma ga Ubangiji bai san cewa ranar da ya je ceton aikina ce aikin ya mutu ba.